Lukuti a Kan Akuya

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

An yi tiyatar lafiya. Zoila ta kira matata Flori ta ce mijinta Baudilio ya farka, ya nemi kofi, har ya yi wa nas faɗa a kan ƙarancin sukari. Hannun yana nan, ba a yanke komai ba. Na zauna a kan buhun fulawa na daɗe ban tashi ba. Burodin zagaye na biyu ya ƙone a tanda, ko a jikina. Na gode wa Allah.

Yatsu biyu ne na hannun dama, ƙaramin da na kusa da shi. An soka musu waya. Likita ya ce sai an cire ta bayan mako shida za a san ko za su sake lanƙwasuwa.

Da hannun nan Baudilio yake riƙe sandunan kaɗa marimba, abin kiɗan nan mai jerin katakai, shekara talatin ke nan. Kompadre na ne, wato shi ya riƙe 'yata Amarilis ranar baftismarta.

Flori Zoila ta kira. Ba ni ba.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na aika burodi gidansu.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Surukata Doña Chayo ta zo cin abincin rana, ta sa ni gaba.

"Wai kai Aroldo, wace irin tsere ce wannan taku da ba a gudu?"

Na ce ba tsere ba ce, Doña Chayo. Babur ɗin ko wurin zama ba shi da shi, a tsaye ake tuƙa shi. Ana shata hanya da zare cikin duwatsun rafi, mutum ya bi a hankali. Ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, maki ɗaya a kanka. Sau biyu, biyu. Sau uku ko fiye, uku. Ka faɗi ko inji ya mutu, biyar. Alƙali yana tsaye yana ɗaga yatsu kowa ya ga makin, sannan ya huda katin da ke rataye a wuyanka. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci.

"Ƙattan banza, da jikoki a hanya," in ji ta. "To shi Baudilio me ya hau yi kan dutsen?"

Na ce in dutse ya yi tsayi, abokinka ne ke tsayawa a sama. In babur ya kuɓuce maka, shi zai cafke shi kafin ya dawo kanka.

Ta ajiye cokali ta dube ni. "Wato don kai ya tsaya a wurin."

Flori ta ce, "Mama, ci wakenki, zai huce."

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na aika burodi. Jakar ta dawo a ninke, ba saƙo.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Bijimi yana bayan shago, na lulluɓe shi da buhuna. Haka 'yan ƙungiya suka raɗa wa babur ɗina, mai inji ɗari uku. Ban wanke shi ba. Lakar Lahadin da abin ya faru tana jikin tayar gaba, ba na so in duba ta da kyau.

Shekara biyu da suka wuce da zan saye shi, na hau ma'aunin fulawa a gaban kowa, aka ga buhu biyu da kusan rabi. Na ce ƙaton mutum sai ƙaton inji. Duk suka ce haka ne, Lukuti, gaskiyarka. Mutum ɗaya ne bai ce haka ne ba, Baudilio.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Bikin 'yancin kai. Tun jiya masu gudu da yula suke wucewa ta gaban shago, ana watsa musu ruwa. Da rana ƙungiyar marimba ta yi kiɗa a dandali, su shida maimakon bakwai. Daga bakin tanda nake jin gurbin, wajen ƙananan katakan nan masu siririyar murya, inda yake tsayawa. Flori ta ce kunnena ne kawai, ita ba ta ji wani gurbi ba. Ƙarya take yi don ta kwantar min da hankali, na kuma gode mata.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na aika burodi. An sallamo shi tun makon jiya. Layi huɗu ne tsakanin shagona da gidansa. Jiya na kai layi na uku na tuna ban rufe gas ba. A rufe yake.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Lahadi ta biyu ban je rafi ba. Na je coci, na dawo, na rasa inda zan sa kaina.

Zan rubuta wani abu tunda ba mai karantawa. Ranar nan Baudilio ya zagaya Dutsen Kwaɗo da ƙafa tare da ni, kamar yadda muke yi kafin a hau. Ya taɓa gansakukar da hannu ya ce, "Kompa, bar wannan yau, an yi ruwa." Abokan hawanmu, Maynor da su Nery, suna tsaye suna ji. Na ce masa in tsoro yake ji ya sauka, a sa mai zuciya a sama.

Bai sauka ba.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa Maynor Bijimi na sayarwa ne, da hula, da takalma, da komai. Na bar wasan. Da na faɗa sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na ci abincin rana kwano biyu.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Komadre ta Zoila ta zo shago da kanta, da kwandon paches na Alhamis, kwaɓin dankali da nama, da zafinsu cikin ganye. Na goge hannu a riga ya fi sau uku.

"Komadre, yaya mai jiki?"

"Mai jiki yana nan ya cika min gida da mita. Kompadre, wai kai mu kaji ne? Kullum burodi, kullum burodi. Har maƙwabta sun ƙoshi."

Ta ajiye kwandon a kan teburin murji.

"Saƙo aka ba ni, yadda aka faɗa zan faɗa. Ya ce ya ji ka bar hawa babur. Ya ce in gaskiya ne kada ka ƙara aiko masa da ko ɓawon burodi, don shi bai ba da yatsunsa don ka koma zaman kujera kana ƙara tumbi ba. Ya ce ka je wurin Don Eleazar ranar Lahadi, ka hau Akuya."

"Akuya? Komadre, ai babur ɗin yara ne."

"Ni ban san na yara ba, ban san na manya ba. Na dai san wanda ya karya min miji."

Ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba. Na sunkuyar da kai. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce in dawo mata da kwandonta da kaina, ta gaji da 'yan aike.

Na cinye paches huɗu a tsaye. Ya aiko min da saƙo. Zagi ne, amma ya aiko.

Lahadi, 28 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Don Eleazar shekarunsa sittin da bakwai, shi ya fara kawo wasan nan rafinmu. Akuya ita ce babur ɗinsa mai inji ɗari da ashirin da biyar, gwiwa ta hana shi hawanta tun bara. Da ya sauke ta daga mota na ji kamar in ɗauke ta a hammata.

Maynor ya fara. "Lukuti, kai za ka hau ta ko ita za ta hau ka?"

Nery ya ce, "A kira ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi!"

Don Eleazar bai ko kalle su ba. Ya danna bayan babur ɗin da hannu ya ce, "Aroldo, nauyinka aikin shoka ne, ba aikin inji ba. Za mu sa mata mai tauri. Inji kuma, a duwatsun da irinmu ke hawa, rabin wannan ma ya isa. Hau."

Na hau. Na murɗa totur kaɗan yadda na saba, jikina ya riga ya ƙame yana jiran fizga. Ba fizga. Ta tafi a hankali tana ɗan kukanta kamar keken ɗinki. A dutsen farko na yi kuskuren nan nawa, na zame baya hannuna ya ja totur. Da Bijimi ne da tuni ya miƙe tsaye ya bar ni a ƙasa. Ita kuwa ta yi tari sau ɗaya ta mutu a ƙarƙashina. Na sa ƙafa. Shi ke nan abin da ya faru. Ba wanda ya yi tsalle gefe, ba wanda ya yi ihu.

Na tsaya cikin ruwa har idon sawu ina dariya, su Maynor suna zaton da su nake.

Awa uku na yi. Da Bijimi minti arba'in hannuwana suke sanƙarewa.

Litinin, 29 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Cinyoyina kamar an daka su a turmi. Ita Akuya ba ta yi maka aikin. Sai ka durƙusa ka miƙe, ka ba ta wuta sosai, ka saki kulochi daidai lokacin. Flori ta ce tun daga ɗaki take jin nishina ina ɗaura takalmi.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyun nan tsoron Bijimi nake ji. Duk Asabar cikina yana ɓaci, in ce wa Flori soyayyar fatar aladen nan ce, chicharrón. Duk dutsen da na hau, addu'a nake yi ya ƙare. Na fi son a ce Lukuti mai ƙaton inji da a ce Lukuti ya iya. Asabar ɗin shekaranjiya cikina lafiya lau.

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na kai kwando.

Yana zaune a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, hannun a naɗe a kan matashi. Ya rame. Dama shi ba auki ba. Na tsaya da kwando kamar mai talla.

"Zauna mana, ka tare min rana gaba ɗaya."

Na zauna. Na yi kwanaki ina shirya magana, duk ta gudu.

"Kompa," na ce, "abin da na faɗa ranar nan..."

"An ce inji ya mutu maka sau tara a kan Akuya."

"Bakwai ne."

"Nery ya ce tara. Giya ta nawa ka sa a gangaren yashi?"

"Ta ɗaya."

"Shi ya sa. Ta biyu ake sawa, jaki. Ƙaramin inji sai da gudu kaɗan."

Muka yi awa ɗaya a kan giya da iskar taya. Zoila ta kawo atol, kunun masara. Da zan tafi na sake gwadawa, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Ni ma na ga gansakukar, Aroldo. Da na sauka da ba ka hau ba. Zuciya ce ta ɗebe ni. Jakuna biyu ne a rafin ranar, ɗaya dai ya fi ɗaya ƙiba."

Ban yarda da wannan rabon ba, amma na karɓa. A hanya na tsaya bayan motar wani na share fuskata.

Ban tambaye shi yatsun ba, shi ma bai kalle su ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Maynor ya ɗauki Bijimi. Shi ya iya da shi, a gasar ƙasa yake hawa. Da motar ta sha kwana na share wurin da babur ɗin yake, na wanke da ruwa. Akuya ta zama tawa, da sabuwar shoka.

Giya ta biyu a gangaren yashi. Gaskiyarsa.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na kai burodi da kaina. Guda huɗu kawai, Zoila ta ƙayyade.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Wani baƙo daga babban birni, shi ma mai jiki, ya zo kallo. Ya ja ni gefe yana tambaya ko ƙaramar tana iya jan mutum irinmu. Na ce ta ja ni, ni kuwa na fi shi da rabin buhu. Na ce abu ɗaya ne ba ta iyawa, doguwar tudu mai laka, nan kam sai ka sauka ka tura kana zagi. Ya ce shi dai ɗari uku zai saya, kada a raina shi. Na ce ya je ya gaida Baudilio kafin ya saya.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Bikin San Lucas. Masu marimba su shida. Baudilio bai fito dandali ba, ni ma ban fita ba.

Jibi.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Ni na kai su asibiti. An cire wayar. Ƙashi ya haɗe, likita ya ce ya yi kyau.

Ya ce masa ya dunƙule hannu. Uku suka rufe. Biyun suka tsaya a miƙe, sirara, farare, kamar ba nasa ba. Baudilio ya cije baki har jijiyar wuyansa ta fito. Ko motsi.

Likita ya ce kada a yanke ƙauna, wasu sukan saki da motsa su kullum, wasu kuma ba sa saki. Sanda biyu ake riƙewa a hannun dama in ana kaɗa marimba, ta biyun kuma waɗannan yatsun ne ke danne ta. Duk mun sani.

A mota ya ɗaga hannun yana juya shi. Ya ce, "To, ku sa ni alƙalanci. Ba na iya nuna komai sai biyar. Kowa ya zo ya sha biyar, har Maynor."

Zoila ta yi dariya, sannan ta juya fuska wajen taga. Ni na riƙe sitiyari.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ban iya cin komai ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Zoila ta ce a daina burodi, a kawo kwaɓin ɗanye. Mai gashin ƙashi ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce tana warin asibiti, ya jefa wa kare. Kwaɓin fulawa yake so, mai ɗumi.

Na cura masa dunƙule ɗaya na naɗe a tsumma. A duk makonnin nan yau ne aka nemi wani abu a wurina da na iya.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na kai kwaɓi. Ya ce na jiya ya yi laushi da yawa, in rage ruwa. Hannun yana cikin aljihu.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun kai furanni maƙabarta, muka ci fiambre, kwaɗon nama da kayan lambu na ranar tuna matattu, a gidansu kamar kowace shekara. Da hagu yake cin abinci. Amarilis ta tambaye shi jikin, ya ce, "Yana nan, 'yata, yana cin fulawar ubanki." Na saci kallon marimbar a falo, an lulluɓe ta da zane. Na san irin wannan lulluɓin.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Kwaɓi. Ya ce in ƙara tauri.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Don Eleazar ya kira. Gasar ƙungiya ta ƙarshen shekara jibi ce, damina ta wuce, duwatsu sun bushe. Sun sa Dutsen Kwaɗo a zango na shida, amma ta gefen hagu inda yake hawa biyu. Baudilio ya nace shi zai yi alƙalanci a wurin.

Na ce a tsallake ni a na shida, a huda min biyar kawai.

"Ya ce za ka faɗi haka," in ji Don Eleazar. "Ya ce in gaya maka in tsoro kake ji ka sauka."

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta a hankali.

Na zagaya dutsen da ƙafa sau biyu. Ba gansakuka. Don Eleazar ya tsaya a sama don cafka, da gwiwar tasa. Baudilio yana gefe a kan wani faifan dutse, abin huda kati a hagu, dama a aljihu. Duk safiyar da baki yake faɗin maki, Nery yana ta tsokanarsa wai alƙali ba hannu.

"Lukuti!" Baudilio ya ƙwala. "Akuyar ta gaji da jira."

Na shiga. Cikin ruwa na sa ƙafa ɗaya. A kwanar saiwa na sa ta biyu. Na iso gindin dutsen, na ba ta wuta har tana ihu, na durƙusa, na saki kulochi na miƙe. Ta hau hawan farko. A na biyu tayar baya ta zame, na dafa da ƙafa na tura, ta kama, muka haye. Don Eleazar ko hannu bai miƙa ba. Inji bai mutu ba.

Na tsaya ina haki, na juya in ji makina.

Bai faɗa ba. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗaga shi sama, yatsu biyar a buɗe. Maynor ya ce, "Haba alƙali, ai bai faɗi ba!" Baudilio bai kula shi ba, ni yake kallo. Sai ƙaramin yatsan ya fara sauka, na kusa da shi ya bi shi, a hankali, suna karkarwa, har suka taɓa tafin hannu. Babban yatsa yana tsaye, bai taimaka musu ba.



"Uku," in ji shi. "Matso in huda, ka bar tsayawa kana kuka a kan hanyar mutane. Akwai na bayanka."

Na jingina Akuya da dutse na je. Ya mai da abin hudar hannun dama, ya matsa sau biyu kafin ya ratsa katin.

"Gobe ka kawo burodi," ya ce. "Gasasshe. Na gaji da kwaɓin nan naka."